Narkakken gishiri da wutar lantarki mai juyawa: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ruwan ayon?

Gishiri ne narkakke. Gishirin miya sai zafi ya kai digiri 801 yake narkewa, amma akwai irin da ke zama ruwa tun zafi bai kai digiri 100 ba. A 1914 Paul Walden ya bayyana wani da ke narkewa a digiri 12 kacal. Ba ruwa aka zuba masa ba. Jikinsa duka ƙwayoyi ne masu caji, wato ayon, manya kuma karkatattu, shi ya sa ba sa saurin jeruwa su daskare.

Ina ruwan lantarki da jiƙawa?

Ɗiga ruwa a ganyen gwaza, sai ya dunƙule. Ɗiga shi a gilashi mai tsabta, sai ya baje. Bambancin nan ake aunawa da kusurwar da gefen ɗigo ya yi da abin da yake kai. Idan aka lulluɓe farantin ƙarfe da siririyar fata da ba ta wuce wuta, irin Teflon, aka ɗora ɗigo aka sa masa waya, caji yakan taru sama da ƙasan fatar, ɗigon ya baje. Gabriel Lippmann ne ya bayyana tushen abin a 1875, Bruno Berge kuma ya kawo dabarar fatar a 1993, dukansu a Faransa.

Idan wutar na juyawa, wato tana zuwa tana komawa kamar ta gidajenmu, ba za ta warware abin da ta yi ba?

A'a, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Ko wane gefe wutar ta fuskanta, jawowa take yi, ba ta turewa. Ƙarfin jan yana bin ƙarfin wuta ne sau kansa: ka ninka wuta biyu, ja ya ninku huɗu, har a kai gaɓar da ɗigon ke ƙin ƙara bajewa. Saboda haka wutar gidajenmu, mai zagaye 50 a daƙiƙa, sau 100 za ta ja shi.

Juyawar ma taimako take yi. Gefen ɗigo yakan maƙale a ƙananan kurajen farfajiya, girgizar sai ta kwance shi, kamar yadda ake bubbuga faifai tsaba ta gangara. Tana kuma rage cajin da ke laƙewa cikin fatar in wuta ta daɗe tana bin hanya ɗaya.

Saurin juyawar fa?

Shi ne ƙashin bayan maganar. In juyawar a hankali take, za ka ga ɗigon yana bajewa yana tattaruwa kamar mai numfashi. In ta ƙara sauri, jikinsa ba ya iya binta, sai ya tsaya a siffa ɗaya, yana amsa matsakaicin ƙarfin wutar. In ta yi sauri ƙwarai, su kansu ayon ba sa isa gefen ɗigon kafin wuta ta juya. Wani kaso na ƙarfin ya ɓata cikin ruwan, bajewa ta ragu, ɗigon ya fara ɗumi.

Ruwan ayon ya fi ruwan gishiri mai ƙarfi saurin kai wa wannan iyaka, domin yana da kauri, ƙwayoyinsa na tafiya da nauyi. Ɗumin kuma yana tsinka shi, danshin iska ma haka, don haka duk wanda bai busar da samfurinsa ba, ban cika yarda da awonsa ba.

Me ya sa ake wahala da shi alhali ga ruwa?

Ruwa ƙafewa yake yi. Ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ɗan lokaci ya ishe shi ɓacewa. Ruwan ayon kusan ba ya tururi, yana jure zafi, yana aiki ko inda aka zuƙe iska. Shi ya sa ake gwada shi a madubin kyamara na ruwa mai sauya siffa da lantarki, da ƙananan faranti masu tura ɗigo daga wuri zuwa wuri don gwajin sinadarai.