Wai mene ne "taron ƙara wa juna sani"?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Sakkwato ba ka ji an yi "taron ƙara wa juna sani" ba. Ɗan siyasa ya tara matasan mazaɓarsa, ya yi jawabin awa biyu, an tafa, an raba shinkafa a roba, da yamma mai karanta labarai ya ce an ƙara wa juna sani. Har ƙaddamar da rabon taki an laƙaba wa sunan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsallake "juna". In mutum ɗaya ne ya riƙe lasifika tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, sauran suna jiran takardar sa hannu ta kuɗin mota, wannan lacca ce ko gangami, kuma ba laifi ba ne a kira shi da sunansa. Wanda masana ke nufi daban ne. Kowa yana zuwa da abin da ya gano, ya baje shi a gaban waɗanda suka san aikin, su kuma suna da damar miƙewa su ce masa lissafinsa bai fita ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na masu binciken kunkurun teku. Na san wani zai ce ina ruwan Basakkwace da teku, mu da iyakarmu kogin Rima da madatsar Goronyo, abin da muka sani kififfiya. To a yi haƙuri a saurara. Waɗannan mutane suna da babban taro na duniya da suke yi tun farkon shekarun 1980, wanda ya faro a Amurka, kuma a 2025 aka yi shi a Accra ta ƙasar Ghana. Dole ce ta sa suke haɗuwa, domin dabbar ba ta zama a ƙasa ɗaya. Iri bakwai ne kacal a duniya, kuma babu mai binciken da ke ganin rayuwar ko ɗaya daga farko har ƙarshe. An daɗe ana ganin wani iri yana kiwo a gaɓar Meziko ba tare da an ga inda yake yin ƙwai a can ba, alhali a Japan ga ramukan ƙwansa nan a yashi. A 1996 aka liƙa wa wata mace, da aka sa wa suna Adelita, na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, aka sake ta a Meziko. Ta yi kusan shekara tana iyo, ta ƙetare tekun Pasifik ta isa ruwan Japan. Ashe na Meziko da na Japan dabba ɗaya suke gadi, kowa da rabin labari a hannunsa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a jin su a jawabin buɗe taro. Wani yana auna bayan kunkuru da tef irin na tela, yana bin lanƙwasar ƙoƙon. Wani yana aunawa a miƙe da ma'aunin ƙarfe. Dabba ɗaya, lamba biyu. In ba su zauna sun faɗa wa juna yadda kowa ya auna ba, sai a ɗauka na wata ƙasa sun fi girma. Haka batun zafin yashi. Uwa tana haƙa rami ta zuba ƙwai ta koma ruwa, ƙwan ya yi kamar wata biyu, kuma zafin ramin ne ke yanke ko mace za a ƙyanƙyashe ko namiji. Wajen digiri 29 ana samun rabi da rabi, in ya haura mata su rinjaya. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa a arewacin babban jerin duwatsun murjani da ke cikin tekun Ostareliya fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan koren kunkuru mata ne. Mu da muke shan sama da digiri 40 a watan Afrilu ba sai an yi mana dogon bayanin zafi ba. Amma ɗalibin da ke aiki a gaɓar Gabon, inda wani ƙaton irin kunkurun teku mai bayan fata ke yin ƙwai da yawa, yana bukatar sanin zurfin da ake binne ma'aunin zafi, kuma sau da yawa a wajen shan shayi tsakanin zama da zama yake samun amsar, daga bakin wanda ya shekara talatin yana yi.

Ban ce duk mai zuwa irin wannan taro na Allah ba ne. Akwai masu zuwa don kuɗin guzuri da hoto a gaban allo, a can ma da nan. Kuma tsadar jirgi da wahalar biza sun daɗe suna hana 'yan Afirka zuwa, alhali a gaɓarmu dabbar take mutuwa cikin komar masunta. Shi ya sa kawo taron Accra ya yi mini daɗi. Masu shirya shi ma sun san da matsalar. A lokacin taron sukan yi gwanjon kayan da mahalarta suka kawo daga ƙasashensu, kuɗin da aka tara a tallafa wa ɗalibai su sami zuwa na gaba.