Ya kamata manhajar darar ces (chess) ta dogara da hadda?

Mene ne ma kundin buɗe wasa?

Jerin takun farko ne da aka tattaro daga wasannin gwanaye aka zuba wa manhaja. Muddin abin da ke kan allo yana cikin kundin, ba ta yin lissafi ko kaɗan. Ta duba, ta tura, kamar ƙiftawar ido. Hadda ce zalla, sai inda ta ƙare tunani ke farawa.

Me ya kawo shi?

Tsoffin manhajoji ba sa hangen nesa, alhali ribar takun farko sai can gaba take bayyana. Kundin yana raba su da kwamacala, ya rage musu cin agogo.

Hadda ta taɓa cin babban wasa?

Ƙwarai kuwa. A watan Mayun 1997 a birnin New York, Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya zauna wasa na shida kuma na ƙarshe da injin Deep Blue na kamfanin IBM, suna kunnen doki. Ya zaɓi tsarin buɗe wasa na Caro-Kann, a taku na bakwai ya tura ɗan sojansa zuwa gidan h6. Nan take injin ya sadaukar da dokinsa a e6. Ba dabararsa ba ce, a kundi ya same ta. A taku na 19 Kasparov ya miƙa wuya. To wa ya ci, injin ko gwanaye irin su Joel Benjamin da suka shirya masa kundin? Ni dai ina ganin da hannun kowa a ciki.

To ina illar?

Kundi na iya raka manhaja har taku 20, ya sauke ta a yanayin da ba ta san kansa ba, sai ka ga tana warware abin da aka gina mata. Kuskure ɗaya a ciki kuma, duk wanda ya gano shi zai yi ta cin ta da shi. Babbar illar dai ita ce ɓoye gaskiya: ba ka sanin ƙarfin manhajar kake aunawa ko girman kundinta.

Ana iya yi babu shi?

A 2017 injin AlphaZero na kamfanin DeepMind ya koyi wasan daga dokoki kawai, ta hanyar karawa da kansa. A wasa 100 da ya yi da manhajar Stockfish ya ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Abin dariya, cikin ƙorafin da aka yi har da cewa an hana Stockfish kundi. Yau reshe ya juye da mujiya, gwanaye ne ke bin manhajoji su tace musu hadda.

Ina aka tsaya ke nan?

Idan kofi kake nema, ko kana so manhaja ta riƙa sauya maka salo kana koyo, ba ta kundi. Idan ƙarfinta kake son sani, karɓe shi. Haka ake yi a gasar manhajojin dara ta TCEC: masu shiryawa ne ke zaɓen buɗewar, a buga ta sau biyu, kowace manhaja ta riƙe farare sau ɗaya, baƙaƙe sau ɗaya.