Fybogel ya yi wuya a kemis: ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Jama'a zan amsa su a nan gaba ɗaya, dan Allah wanda zai sake tambaya ya fara karantawa tukunna. Maganar Fybogel ce, garin maganin nan na sacet da likita ke rubuta wa masu taurin bayan gida da masu basir da masu ciwon hanjin nan da ake kira IBS, wanda yanzu sai ka zaga kemis ba ka samu ba, in ka samu kuma kuɗin ya koro ka.

Wai me ke cikinsa?

Ɓawon 'ya'yan wani tsiro ne, ispaghula, shi ne dai psyllium, 'yan Indiya na ce masa isabgol. Kowane sacet giram 3.5. Yana shan ruwa a hanji ya kumbura, bayan gida ya yi laushi ya fita ba yunƙuri. Aikinsa kenan.

In na daina sha kwatsam zai yi min illa?

A'a. Ba maganin hawan jini ba ne, ba na farfaɗiya ba ne, jiki ba ya kamuwa da shi. Taurin ne kawai zai iya dawowa. Ku kwantar da hankalinku.

To in sayi shayin wankin ciki kafin a samu?

Nan ne raina ke ɓaci wallahi. Mutum an ɗora shi kan abu mai aiki a hankali saboda yana da basir ko tsagewa a dubura, da ya rasa sai ya je ya jiƙa filasko ko ya sayi shayin rage tumbi, ya kwana yana zawo da murɗar ciki, washegari ya zo yana cewa ai cikin ya wanku. Bai wanku ba malam, hanjin ka tsokano. Senna, wato filaskon, da ƙwayar Dulcolax magunguna ne na gaske kuma suna da ranarsu, amma tunzura hanji suke yi ya matse ya turo, ba su ne madadin fiba ba, wato ɓangaren tsiron da ciki ba ya narkarwa irin wanda ke cikin Fybogel, kuma ba abin da za ka mayar na kullum ba ne da ra'ayin kanka. In dole sai an canja zuwa wani iri, akwai lactulose akwai Movicol masu jawo ruwa cikin hanji, wanda ya rubuta maka na farko shi zai zaɓa.

Me ya sa ya yi wuya?

Daga waje ake kawo shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kun ga yadda maganin waje ya koma. Sannan kusan duk psyllium ɗin duniya daga Indiya yake fitowa, jihohin Rajasthan da Gujarat, in ruwan sama ya sauka lokacin girbi amfanin ya lalace kowa sai ya ji a jikinsa. Ba mai kemis ɗin unguwarku ne ya ɓoye ba.

Na ga psyllium husk a roba a babban kanti, zan iya sha a madadinsa? Cokali nawa?

Wannan ita ce tambayar kirki, kuma ba zan ce e kawai in wuce ba. A asali abu ɗaya ne, Metamucil ma psyllium ne, isabgol ɗin Indiya ma shi ne, don haka ga yawancin masu taurin bayan gida zalla canjin ba matsala. Amma fa akwai amma da yawa.

Na farko awo. Akwai ɓawon da ba a niƙa ba, fari-fari mara nauyi da in ka hura sai ya tashi, akwai kuma wanda aka niƙa ya zama gari, cokali ɗaya na garin ya fi cokali ɗaya na ɓawon nauyi sosai, shi ya sa ba na yarda in ce wa mutum "sha cokali kaza" ban ga robar ba. Juya bayanta ka duba giram nawa na psyllium ke cikin awon da suka rubuta, ka nemi abin da zai kai 3.5 ɗin da ka saba, in lissafin ya rikice maka ɗauki robar ka kai wa mai famasi, ba abin kunya ba ne. Na kafso kuma kowane ɗaya abin da ke ciki kaɗan ne, sai ka haɗiyi da yawa kafin ka kai sacet guda, mutane na shan biyu su ce ba ya aiki. In ka yi makonni ba ka sha ba kar ka koma da cikakken awo rana ɗaya, fara da rabi, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su sa ka tsane shi.

Na biyu, duba kwalinka na da. In an rubuta Fybogel Mebeverine to magani biyu ne a haɗe, akwai na murɗar ciki a ciki, psyllium zalla ba zai maye wannan ba, koma wurin likita ya rubuta maka mebeverine ɗin daban. Mai ciwon suga ya karanta ko an zuba sukari, wasu masu ɗanɗanon lemo suna da shi, kuma ya riƙa gwada sugansa don psyllium kan sauke shi kaɗan. In kana shan wasu magunguna, irin maganin ƙarin jini, levothyroxine na ciwon thyroid, digoxin na zuciya, carbamazepine na farfaɗiya, kar ka haɗa su lokaci ɗaya, ni nakan ce a ba da tazarar awa 2 don hankali ya kwanta.

Akwai kuma waɗanda zan ce kar su canja komai sai sun ga likitansu: wanda aka yi wa aikin hanji, mai jakar bayan gida a ciki, mai wahalar haɗiya, tsohon da ke kwance ba ya iya shan ruwa sosai, yaro ƙasa da shekara 6. Wanda kuma tramadol ko kodin ne suka ɗaure masa ciki, fiba ba za ta warware ba, tana ma iya ƙara cushe shi. Sannan robar da ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, an ɗura a leda an manna takarda, ni dai ba zan ba mahaifiyata ba.

Dole sai da ruwa mai yawa?

Dole. Aƙalla mil 150 a kowane sha, wato kofi guda, ka juya ka shanye nan take. Bar shi a kofi minti kaɗan ka dawo ka gani, zai kama ya yi kauri kamar kunun da ya huce har cokali ya tsaya, to haka zai yi a maƙogwaro in ka afa shi a bushe. Kar a sha dab da kwanciya. Masu azumi, bayan buɗa baki ya fi, ba a gama sahur a sha a koma barci ba. Da zafin nan namu kuma kofi ɗayan bai isa ba, a yini ma a sha ruwa.

Abinci ba zai wadatar ba?

Ga mutane da yawa zai taimaka ƙwarai, kuma abin na gabanmu. Miyar kuɓewa, miyar kuka, zogale, rama, alayyafo, gwanda, lemo a ci da totuwarsa ba a matse ruwan kawai ba, dankalin Hausa, wake, tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya koma fari tas ba, da kunun oats. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na fiba a rana, wanda ya karya da farin burodi da shayi, rana taliya, dare farar shinkafa, ina zai same shi? Amma mai IBS ya bi a hankali, wake da albasa da dusar alkama sukan tayar masa da ciki, kuɓewa da oats sun fi masa sauƙi. A ƙara kaɗan-kaɗan, ba a cika kwano da zogale yau gobe a zo min da ƙorafi ba.

Na sha sabon jiya har yanzu shiru.

Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Jira.

Ina da ciki, zan iya sha?

E, ba ya shiga jini, ana ba masu ciki da masu shayarwa. Ki dai faɗa a wurin awo Hajiya, musamman in kina shan maganin ƙarin jini, don shi kansa yana kawo taurin.

Yaushe zan bar neman sacet in tafi asibiti?

In ka ga jini a bayan gida ko ya koma baƙi ƙirin, in kana ramewa ba dalili, in ciki ya kumbura ga amai ga ko iska ba ta fita, wannan na ƙarshen ma a daren za ka tafi kuma kar ka ƙara shan ko cokali ɗaya na fiba. Haka wanda ya manyanta ya ga yanayin bayan gidansa ya canja makonni a jere. Kar a ce min "basir ne kawai", sai an duba ake sanin basir ne.