Wai mece ce "shuka iri" ɗin nan da ta cika mana kunne?

Kwanan nan duk inda ka juya sai shuka iri. A gurup ɗin WhatsApp na ƴan majami'a, a bidiyon masu wa'azin Najeriya da yara ke turawa juna, har wasu namu na nan Damagaram sun ɗauka, ana gama karatu sai ka ji wa zai shuka irin jikka biyar don buɗin wannan wata. Abin da ake nufi kowa ya sani: ka ba da kuɗi da sunan wata buƙatarka, aiki ne ko haihuwa ko biza, ka jira Allah ya ninka maka. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka dagula ta da zakka da baiko, har mutum ya rasa wanne ne wanne, in bai shuka ba ya kwana yana ganin kamar ya ci haƙƙin Allah.

Zakka dai ushiri ce, ɗaya cikin goma, kuma ko maƙwabtanmu musulmi manoma sun san lissafin, dami ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar. Baiko kuwa abin da zuciyarka ta ba ka ne, dala ashirin ko jikka goma. Duk biyun ba a ɗaura musu sharaɗi. Shuka iri ce kaɗai ke zuwa da alkawarin riba, kuma ba tsohuwar koyarwar ikilisiya ba ce yadda ake nuna mana. Wani mai wa'azin Amurka, Oral Roberts na Tulsa, shi ya yayata ta sosai wajen 1970, ta shigo Najeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na birnin Benin da ke Najeriya, yanzu ga ta ta tsallako iyaka ta waya ba ko fasfo.

Ayar da ake jingina da ita 2 Korintiyawa 9:6 ce, inda Bulus ke cewa mai shuka kaɗan zai girbi kaɗan, mai shuka da yawa zai girbi da yawa. To madalla, ayar tana nan, ba wanda ya musa. Amma don Allah ƴan'uwa a koma baya a karanta sura 8 da 9 gaba ɗaya, ba dogaye ba ne, kafin shayi ya tafasa an gama. Gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, kuɗin daga hannun masu ɗan abin hannu zai fita ya tafi wurin waɗanda ba su da na tuwo, kuma ba shi kaɗai zai riƙe jakar ba, ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka su don kada a samu abin zargi. A 8:12 ya ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. A 8:13 ya ce ba nufinsa wasu su huta ku ku shiga matsi ba. Girbin ma da ya yi magana a kai, ya ce Allah zai wadata ku ne domin ku ƙara yin alheri. Ina biza a nan? Ina mota? Mu kuma mun juya kan abin, mai tuyar ƙosai a unguwar Kara-Kara ce ke cin bashi ta tura wa mutumin da ke yawo da jirgi.

Kuma ni abin dariyar, manomi muke wa wannan wa'azi. Wanda ya yi binne tun ruwa bai sauka ba, ya ga shuka ta fito rana ta ƙone ta, ya koma ya sake, shi ne za ka ce wa duk iri sai ya ba da ɗari? Ya fi ka sanin iri. Yesu kansa a Luka 8:11 da ya fassara misalin mai shuka cewa ya yi irin Maganar Allah ce.

Sai a kawo maka gwauruwar Zarefat, 1 Sarakuna 17, wai ta ba Iliya garinta na ƙarshe ai. Gaskiya ne, lokacin fari ne, tafin gari ɗaya da ɗan mai suka rage mata. Amma me ta samu? Tukunyar gari ba ta ƙare ba, tulun mai bai bushe ba, har ruwa ya dawo. Abincin yau da na gobe ke nan, ba ta zama hajiyar gari ba, Iliya ma a gidan ya zauna yana cin abin da suke ci. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 wuta ta ɗauke, farashin tiya ya yi tsalle a Kasuwar Dole, mutane da yawa a Zango da Sabon Gari irin wannan tanadin Allah suka gani, wata mama ta zumuntar mata ta aiko da kwanon hatsi da dare, wani ɗan'uwa ya biya kuɗin magani bai faɗa wa kowa ba.

Gwauruwa mai anini biyu ta Markus 12 ita ma ana yawan janyo ta. Yesu ya yaba mata, ba shakka. Sai dai aya ta 40, wadda ke gab da labarinta, kan malamai masu cinye gidajen gwauraye da dogayen addu'o'i take magana, kuma ban taɓa jin mai kiran shuka iri ya faro karatunsa daga nan ba.