Salla a cunkoson Accra, zakka a shagon Nima: tambayoyi da amsoshi

A ƙidayar 2021 Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin ɗari na mutanen Ghana, kuma a unguwannin Accra irin su Nima, Mamobi, Fadama ko Sabon Zango da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka wuce masallaci ba. Duk da haka akwai tambayoyin da ke ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya, wasu ma kunyar yin su ake ji. Ga kaɗan daga ciki. Amsoshin bisa mazhabar Malikiyya suke, wadda akasarin malaman zango suka karanta.

Malam, mene ne ainihin abin da ya zama dole a kan Musulmi?

Abu biyar ne, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito: kalmar shahada, salla, zakka, azumin Ramadan, da aikin Hajji. Shahada da salla suna kan kowane baligi mai hankali, attajiri ne ko ɗan dako. Zakka sai wanda dukiyarsa ta kai nisabi, Hajji kuwa sai mai iko, sau ɗaya a rayuwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke birkita tsarin. Mutum zai ci bashi ya sayi ragon layya, alhali layya sunna ce ga mai hali, amma Asuba sai rana ta fito yake yin ta. Wannan kamar sayen labule ne ɗaki ba rufi.

Ina tashi aiki biyar da rabi, in hau trotro, ƙaramar bas ta haya, daga tashar Circle zuwa unguwar Madina. Kullum Magariba a cunkoso take samu na. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Kowace salla tana da zaɓaɓɓen lokaci, tana da na lalura. Na Magariba gajere ne: daga faɗuwar rana gwargwadon a yi alwala a sallata, wasu malaman kuma suka ja shi har jan shafaƙi ya ɓace. Bayan nan an shiga lokacin lalura, kuma wanda ya kai salla can ba uzuri ya yi laifi, ko da sallar ta inganta.

To amma mu a nan an yi mana sauƙi. Accra tana kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa rana take faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, ba ta gocewa sai da 'yan mintoci. Ka san lokacin tun da safe, ashe ba zuwan bazata Magariba take yi maka ba. In ka ga biyar da rabi ta yi, ka jira a tasha, ka yi alwala, ka sallaci raka'a ukunka, sannan ka shiga layi. Kusan kowace babbar tasha akwai lungun da direbobi da 'yan kamasho ke shimfiɗa tabarma ko kwali, ga butoci a jere a gindin bango. Abin da za ka rasa bai wuce mota ɗaya ko biyu ba. In kuwa ka riga ka shiga hanya ta tsaya cik, sauka ka yi salla ya fi, domin farilla tana son tsayuwa da ruku'u da sujada da fuskantar alƙibla, kujerar trotro kuwa ba ta ba da wannan. Alƙiblar ma a kula: daga Accra gabas ce maso arewa.

Ni direba ne, Accra zuwa Kumasi nake yi. Zan yi ƙasaru?

Ƙwarai kuwa. Tafiyar ƙasaru wajen kilomita 80 ce, tsakanin Accra da Kumasi kuwa wajen 250. Azahar, La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, Asuba da Magariba suna nan yadda suke. Za ka fara bayan ka fita daga gidajen gari. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a can, sai ka cika. Mai zuwa Kasoa, garin da ke dab da Accra, ya dawo ba ya cikin wannan rangwame.

Juma'a ranar aiki ce a Ghana. Dole ne in rufe shago?

In kai namiji ne, baligi, mazaunin gari, mai lafiya, dole ne. Aya ta 9 ta Suratul Jumu'a ta ce in an kira salla a tafi ambaton Allah a bar ciniki. Mace ba ta wajaba a kanta ba, amma in ta je ta isar mata. Ba sai ka je Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021 ba, na unguwarku ya wadatar. Ma'aikacin ofis kuma ya nemi a daidaita masa hutun cin abinci da lokacin huɗuba, cikin ladabi, tun kafin ranar.

Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Nima. Kuɗina duk a kaya suke, ba na ajiya. Akwai zakka a kaina?

Hajiya, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, suna zaton zakka sai mai kuɗi jibge a banki. Mai saye da sayarwa kullum, irinki, zai tsayar da wata guda a shekarar Musulunci. In watan ya zo, ki yi wa duk kayan sayarwa kuɗi a farashin ranar: buhunan shinkafa, galan-galan na mai, katan ɗin madara da na tumatir. Ki haɗa da abin da ke aljihu, da na banki, da na MoMo (asusun kuɗi na waya), da kuɗin adashi, da bashin da kike sa ran za a biya ki. Ki cire bashin da ake bin ki. Firji, sikeli da kanta ba sa shiga lissafi, kayan aiki ne.

In abin da ya rage ya kai nisabi, sai ki fitar da ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari. Mai sidi 200,000, misali, sidi 5,000 zai bayar. Nisabin dinari 20 ne, wajen giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, wajen giram 595 na azurfa. Da yake farashin zinariya da darajar sidi ba sa zama wuri ɗaya, ki tambayi malami nisabin bana, kada ki dogara da na bara.

Sai wa za a ba. Allah da kansa Ya lissafa kashi takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, Ya fara da faƙirai da miskinai. Ba a ba wanda ciyar da shi ke wuyanka, kamar iyaye mabuƙata, matar aure da ƙananan 'ya'ya. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da talauci ya kama kuwa sun fi cancanta. Gudummawar biki da ta suna ba zakka ba ce, domin ana jiran ramuwa. Ki dubi 'yan kayaye, 'yan mata masu dako da suka zo daga arewa, yarinya da goyo a baya, ƙaton kwano a ka, in dare ya yi ta kwana a bakin shagon da aka rufe. Ki dubi gwauruwar da mai gida ya matsa wa da kuɗin hayar shekara. Da 'yan kasuwar zango suna fitar da haƙƙin nan yadda ya kamata, na tabbata da yawan irin waɗannan ba su kwana da yunwa ba. Maƙwabcinki Kirista da ke cikin buƙata kuwa, ƙofar sadaka a buɗe take gare shi.

Matata tana shayarwa, mahaifiyata kuma ta tsufa. Yaya azuminsu?

Yininmu na azumi wajen awa 13 ne da 'yan kai, ga zafi. Mai shayarwa in ta ji wa jaririn tsoro ta sha, daga baya ta rama, ta kuma ciyar da mudu ɗaya na Annabi (SAW) a kan kowace rana. Mai ciki ramuwa kawai za ta yi. Tsohuwar da ba ta iyawa ba ramuwa a kanta, ciyarwa mustahabbi ce. Maganar ganin wata kuwa, a saurari sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ke riƙe da muƙamin tun 1993. Zakkar fidda kai mudu huɗu ce na Annabi daga abincin gari, shinkafa ko masara ko gero, a fitar kafin a tafi idi.

In ci bashi in je Makka?

Ba a ɗora maka ba. Aya ta 97 ta Ali Imrana ta rataya Hajji a kan iko. Kakanninmu sun bi ta Kano da Barno da Sudan a ƙafa, suna aiki a hanya shekara da shekaru kafin su ga teku, yau kuwa jirgi ke tashi daga Accra da Tamale. Ka biya bashin da ke kanka, ka bar wa iyali abin da zai riƙe su har ka dawo, sannan ka je Hukumar Alhazai ka yi rajista.