Babbar firamare a Najeriya: aji huɗu zuwa aji shida

Babbar firamare ita ce shekaru ukun ƙarshe na makarantar firamare, wato aji huɗu da biyar da shida, yara ƴan shekara 9 zuwa 11 ko 12 ke nan a takarda, amma a makarantun ƙauye ba abin mamaki ba ne ka ga ɗan shekara 14 zaune a benci ɗaya da ɗan shekara 10 saboda bai samu shiga da wuri ba. A tsarin gwamnati na ilimin bai ɗaya na shekara tara wannan shi ne matakin tsakiya, ƙasa da shi aji ɗaya zuwa uku, sama da shi ƙaramar sakandare.

Tarihi

Rabon firamare gida biyu daɗaɗɗen abu ne a Arewa. Bayan makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sai aka riƙa buɗe makarantun elementare a garuruwan En'e, wato hukumomin gargajiya, yaro ya yi wajen shekara huɗu ana koya masa karatu da rubutu da lissafi da Hausa, in ya yi ƙoƙari a tura shi midil a babban birnin lardi, can ne yake haɗuwa da Turanci sosai. Midil ta kafu ne wajajen 1930, daga baya cikin shekarun 1950 aka juya tsarin ya koma ƙaramar firamare da babbar firamare, shi ya sa har yanzu za ka ji dattawa suna cewa sun gama aji bakwai, don a lokacin firamaren Arewa shekara bakwai ce.

A 1976 aka ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika ajujuwa fiye da yadda malamai za su iya ɗauka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4 (shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babbar sakandare, huɗu jami'a) wanda ya tsayar da firamare a shekara shida, duk da dai sai farkon shekarun 1980 ya fara aiki, kuma ba lokaci ɗaya duk jihohi suka ɗauka ba. Sai UBE, wato shirin ilimin bai ɗaya na shekara tara, da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004.

Darussa

Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja. Wadda aka fara aiki da ita a 2008 darussa sun yi yawa, aka sake dubata aka haɗe wasu cikin wasu, sabuwar ta shiga makarantu a 2014. A manhajar 2014 ɗin an tsara ɗan aji huɗu zuwa shida ya yi Turanci, lissafi, harshen gida ɗaya, kimiyya da fasaha (nan aka cusa kwamfuta da motsa jiki da kiwon lafiya), addini da tarbiyyar ɗan ƙasa, zane da al'adu, sannan abu biyu da ke farawa daga aji huɗu, Faransanci da share fagen sana'a wato noma da tattalin gida. Larabci na zaɓi ne. Faransancin dai a yawancin makarantun gwamnati sunansa kawai ake gani a jadawali, babu malamin. Darasin tarihi an cire shi na wasu shekaru, aka yi ta ƙorafi, aka dawo da shi. A 2025 ma'aikatar ilimi ta sake sanar da sabuwar manhaja.

Abin da ake so yaro ya iya kafin ya fita aji shida shi ne ya karanta labari ya amsa tambayoyi a kai, ya rubuta wasiƙa da ɗan insha'i, ya haddace sau har zuwa sau goma sha biyu, ya iya doguwar rabawa da lissafin kaso cikin ɗari da riba da faɗuwa.

Harshen koyarwa

Nan ne matsalar aji huɗu take. Tsohuwar manufa ta ce a koyar da harshen gida shekara ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci, to yaron da jiya yake jin komai da Hausa yau an ɗora masa littafin kimiyya da Turanci zalla. Abin da ke faruwa a aji shi ne malam ya rubuta a allo da Turanci, ya juyo ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe a littafi harafi harafi, wani ya cika shafi biyu tsaf da rubutu mai kyau amma ka ce ya karanta maka layi ɗaya sai ya yi shiru. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da Yarbanci duk shekara shidan, shi masu goyon bayan harshen gida suke kafa hujja da shi. A 2022 gwamnati ta amince a yi haka a faɗin ƙasa, a 2025 ta janye. Har yanzu ana jayayya.

Jarrabawa

Ana tara makin gwaje-gwajen cikin zango a haɗa da na jarrabawar ƙarshen zango, zango uku a shekara. Mai son shiga kwalejin tarayya yana zana jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa, jihohi kuma suna da tasu. Makarantun kuɗi da yawa suna fitar da yara daga aji biyar ko ma huɗu su tsallake aji shida, abin da hukumomi suka sha gargaɗi a kai.

Iyaye

Dokar 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙo ya sa ɗansa makaranta har ya gama ƙaramar sakandare, wanda ya ƙi a karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Da wuya ka ji an hukunta wani. Karatun kyauta ne a doka, amma yunifom da littafin rubutu da biro da kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, daga aljihun iyaye suke fita, kuma a wannan shekarun ne talla da aikin gona da zuwa kasuwa suke fara janye yara, musamman mata. Makaranta tana so a turo yaro da wuri, a duba aikin gida, a zo karɓar sakamako, a halarci taron PTA da na kwamitin kula da makaranta. Yawancin yaran Arewa suna haɗawa da Islamiyya da yamma da makarantar allo da asuba ko da dare, don haka aikin gidan boko sau tari sai bayan isha'i ake samun zama a yi shi, in akwai wuta.