Waiwaye: Yadda zaɓen mujallar buga bincike ya zama jan aiki

A shekarar 1665 aka fara fitar da mujallun ilimi, Journal des sçavans a Faransa da Philosophical Transactions a Landan. Masanin wancan zamani ba ya shan wahalar zaɓe, don mujallun ba su taka kara sun karya ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bincike ya yawaita, kamfanonin ɗab'i suka mamaye harkar, kuɗin sayen mujallu ya yi ta hawa har laburaren jami'o'i suka fara yanke wasu. Eugene Garfield ya ƙirƙiro ma'aunin tasiri, wato lissafin yawan ambaton da maƙalun mujalla ke samu, aka fara fitar da shi duk shekara daga 1975. Kwamitocin ƙarin girma sai suka mayar da shi sikelin auna malami, kuma a ganina nan aka saki hanya, domin darajar mujalla ba ta nuna ingancin kowace maƙala da ke cikinta. Sanarwar DORA kan yadda ake auna bincike, wadda aka tsara a 2012, wannan ta yi ƙorafi a kai.

Intanet ta zo da sauƙi. An buɗe arXiv, shafin da masana ke ɗora maƙalunsu don a karanta kyauta, a 1991, sanarwar Budapest ta 2002 ta nemi kowa ya karanta bincike kyauta, a 2003 kuma Jami'ar Lund ta Suwidin ta kafa kundin DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta. Sai dai a wurare da yawa nauyin kuɗin ya sauka daga kan mai karatu ya hau kan marubuci, 'yan damfara kuwa suka samu kasuwa. Saƙo zai shigo maka ta imel cike da yabo, da alƙawarin bugawa cikin mako guda, ba a maganar kuɗi sai an karɓi aikin. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya aika maƙalar bogi ga mujallu 304 don ya gwada su, guda 157 suka amince da ita.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mujallu da dama a DOAJ ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Kafin mutum ya miƙa aikin shekaru, ya duba ko mujallar na cikin kundin, ya karanta maƙalu biyu ko uku daga fitowarta ta baya-bayan nan, ya tabbatar editocin da ta lissafa suna aiki a inda ta ce, sannan ya tambayi kansa ko abokan fanninsa suna karanta ta.